Babi na Shida: Kwana Biyu a Birni da Goyo a Baya

A Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Katsina, haihuwar fari kan raba mata da miji na wani lokaci, kuma da yardar kowa ake yin rabuwar. Da ciki ya kai wata bakwai ko takwas sai iyayen yarinya su aiko a kai ta gida goyon ciki. Can za ta haihu a hannun uwarta ko gwaggonta, can za ta yi wankan jego har kwana arba'in: tafasasshen ruwa safe da yamma ana fyaɗa shi a jiki da ganyen darbejiya, sai kunun kanwa, sai gasasshen nama da yaji. Mijin in ya zo, iyakarsa zaure. Ya durƙusa ya gaida surukai, ya miƙa kuɗin itace da na nama, a fito masa da jariri ya leƙa fuskarsa, ya juya. Ko ɗaukarsa ba zai yi a gaban mutane ba, gudun kada a ce ba shi da kunya. Ita ma uwar haka take. Sunan ɗan fari ba ya fitowa daga bakinta, kuma in da manya a ɗakin sai an yi mata faɗa kafin ta ba shi nono.

Tushen wannan al'ada mai kyau ne. Yarinyar da ta haihu jiya tana bukatar hannun da ya san raino, da idon da zai gane in jini ya yi yawa ko cibiya ta yi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar kan faɗa damuwa mai tsanani bayan haihuwa, kuma kaɗaici na cikin abubuwan da ke rura ta. Mai jegonmu kuwa ɗakinta ba ya rabuwa da mutane. Abin da likitoci suka daɗe suna jan kunne a kai shi ne yawan kanwar da tsananin zafin, domin tun cikin shekarun 1970 Davidson da Parry, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka nuna alaƙar waɗannan da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Wannan zance ne na wani babin.

Abin da ya dame ni a nan shi ne auren kansa. Ku lissafa: an ɗaura aure bara, an yi 'yan watanni ana koyon halin juna, laulayi ya shigo, an tafi gida, an yi arba'in, wasu iyayen ma su ƙara wata ɗaya ko biyu wai ta ƙara yin ƙwari. Ranar da ta dawo ɗakinta, ta dawo da mutum na uku wanda ke tashi sau uku ko huɗu kafin asuba. Shi kuma maigidan ya riga ya saba da majalisa, daga sallar isha'i sai teburin mai shayi, ba ya shigowa sai gari ya yi shiru. Hirarsu ta koma famfas ya ƙare, gobe ranar rigakafi ce, Inna ta ce a rage wa yaro iska. A littafin Baba na Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau aka buga a 1954, an nuna yadda a da miji kan ƙaurace wa matarsa shekara biyu cur har a yaye ɗa. Yanzu ba kowa ke kai wannan ba, amma ƙaurar zuci tana nan, kuma na ga aure da yawa da suka fara yin sanyi a daidai wannan gaɓa ba tare da an yi faɗa ko sau ɗaya ba. Gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, wasu jihohin suka bi sahu, kuma an kashe kuɗi mai yawa wajen ɗaura auren. Shekara biyun farko bayan haihuwa, inda igiyar ta fi saurin tsinkewa, ba mai kula da su sai ma'auratan kansu.

Shi ya sa na ji daɗi da na fara ganin wasu matasan yankinmu, malaman makaranta, ma'aikatan babban asibitin Kankiya, ɗaliban da suka gama makarantar koyon aikin lafiya ta garin suka kama aiki, suna ɗaukar matansu da jariransu ranar Juma'a bayan masallaci su nufi Katsina ko Kano, su dawo Lahadi. Ba su da yawa, kuma yawancinsu ba sa faɗin gaskiyar abin da ya fitar da su. A wurinmu tafiya sai da dalili: biki, gaisuwar rasuwa, asibiti, fatauci, aikin Hajji. Mutum ya ce zai fita da matarsa don kawai su huta su sha iska, kafin la'asar an raɗa masa mijin-ta-ce. Wani malamin firamare a Kusada ya gaya mini yadda suka yi da mahaifiyarsa ranar da ya fara kawo zancen.

"Inna, ina son mu je Katsina da su, mu kwana biyu."

"Mi ya samu yaron?"

"Lafiya lau yake."

"To mi za ku yo? Wa ya rasu?"

Sai da ya ce za su kai yaron wurin gwaggonsa ta gan shi, tun da ciwon ƙafa ya hana ta zuwa suna, sannan tsohuwar ta saki fuska, har ta ƙullo daddawa da kuka a kai mata.

Wannan amsa tasa ba ƙarya ba ce, kuma a cikinta mafitar take. Muna da yawon arba'in tun kaka da kakanni: mai jego ta gama wanka, ta yi kitso da lalle, ta ɗauki jariri tana bin gidajen dangi ana sa masa albarka ana ba shi ɗan abin da ya samu. Ba wanda ke tambayar dalilin wannan tafiya, zumunci a ƙafa yake. Sai dai bisa al'ada ƙanwar miji ko wata yarinya ce ke raka ta, miji iyakarsa ya biya kuɗin mota. Abin da matasan nan suka canza shi ne ɗan rakiyar. Jaririn da ya shiga tsakaninsu a gida, shi ne kuma ke buɗe musu hanyar fita, domin babu uwar da za ta hana a kai jikanta a gan shi.

Masu ganin abin baƙo ne daga Turawa su koma ga littattafan hadisi. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa ya tafi da wadda ta faɗa wa. Abu Dawud da Imam Ahmad sun ruwaito tseren da ya yi da Nana A'isha a kan hanyar tafiya, ta tsere masa, bayan wasu shekaru da ta ƙara jiki suka sake ya tsere mata. A ruwayar Ahmad akwai abin da ya fi jan hankalina: sai da ya umarci sahabbai su yi gaba tukuna. A tsakiyar ayari, cikin hamada, ya nema wa kansa da iyalinsa ɗan fili da ba idon kowa. Game da tsoron da ake yi na cewa kusantar mai shayarwa na lalata nono, Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya yi niyyar hana haka, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya bari. Tsoron rurrutsa gaskiya ne, uwa da ɗa duk suna wahala in ciki ya shiga da wuri, amma wannan yanzu magana ce da ake zama da ma'aikaciyar lafiya a warware, ba sai an raba ɗaki shekara biyu ba.

Kankiya ta yi dace da wuri. Tana kan babban titin Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina, tafiyar sa'a ɗaya in hanya ta yi kyau: Charanchi, Lambar Rimi, sai ka shiga ta Ƙofar Ƙaura. Mutumin Kusada ya fito titi ya bi wannan hanya, ko ya juya gabas ta Tsanyawa da Bichi ya faɗa Kano. Ga mai jariri ɗan wata uku ko huɗu, ni Katsina nake zaɓa. Ta fi kusa, cunkosonta bai kai na Kano ba, kuma da wuya a sami ɗan Kankiya ko Kusada da ba shi da ɗan'uwa a can. In motar haya za a shiga, ko ta tasha ko bas ɗin hukumar sufuri ta jiha, ya kamata maigida ya daure ya biya kujera ɗaya ta ƙari. Mutum huɗu a kujerar baya, ga mai goyo a matse tana neman yadda za ta ba da nono ƙarƙashin hijabi, ga gwiwar baƙo a jikinta, wannan ya isa ya ɓata tafiyar tun kafin a kai Charanchi. Mai motar kansa kuma ya bar uwa da ɗa a baya. Jariri a kan cinya a kujerar gaba shi ne farkon wanda zai bugi gilashi in aka taka birki da ƙarfi.

Inda za a kwana shi ne babban al'amari, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. In aka sauka gidan gwaggo kwana biyun duka, an yi zumunci amma ba a yi abin da aka fito yi ba. Matar za ta shige cikin gida wurin mata, mijin a shimfiɗa masa tabarma ɗakin samari, ba za su sake haɗa ido ba sai ranar komawa. Shawarar da nake ba wa masu tambayata ita ce a raba: daren Juma'a na dangi, a ci tuwonsu a kwana, yaro ya sha ɗauka, ranar Asabar a yi sallama a koma masauki.

Na san nauyin kalmar otal a kunnen Bakatsine. Mace mai mutunci takan ji kamar duk wanda ya gan ta a bakin ƙofar zai yi mata wani zato. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni labarin shigarta ta farko. Ta tsaya a bayan mijin, ta ja hijabi har kan hanci, gabanta na faɗuwa, shi yana rubuta suna a littafin baƙi. Can sai yarinyar ta motsa a baya ta fara ƙananan kuka. Mai karɓar baƙin, wanda tun shigarsu bai ɗago ba, ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu Hajiya, ashe da baƙuwa kuke. Bari a ba ku ɗakin ƙasa, nesa da janareta." Ya aika yaro ya kawo ruwan zafi a filas ba tare da an roƙa ba. Ta ce daga nan ta saki hijabin. Goyo a baya shaida ce da ba ta bukatar takarda, kowa ya gani ya san iyali ne.

Kayan jariri ba su da yawa in nono kaɗai yake sha, kuma a nan masu bin shawarar shayarwa zalla ta wata shida suka fi kowa sauƙin tafiya: babu kwalba, babu garin madara, babu fargabar ruwan da ba a san tushensa ba. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa. Zannuwan goyo biyu ko uku, majanyi, famfas, katin rigakafi, da gidan sauro na gida, domin ba kowane masauki ke da shi ba, kuma sauron birni bai san baƙo ba. A duba katin kafin a sa rana. Allurar mako 6, mako 10 da mako 14 kan kawo ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, gara a bar shi ya wuce a gida. Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne kuma, babu dalilin fitar da jariri. Da damina maza na gona, sauro ya yi yawa. Bayan kaka, daga Nuwamba, an sayar da wake da gyaɗa akwai ɗan kuɗi a hannu, gari ya yi sanyi, sai dai a tanadi hular sanyi da safa da man kaɗanya saboda ƙurar hunturu.

Abin gani a Katsina bai fi ƙarfin yini ɗaya ba, kuma hakan ya dace da mai goyo. Da hantsi a fara da tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, yanzu ta zama gidan tarihi. Nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin makarantar ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango da rufin azara, ciki da sanyi ko da rana ta take, ga wurin zama in yaro ya nemi nono. Daga nan sai Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, tsayinta kimanin mita 15. Ba wurin hawa da goyo ba ne, a tsaya a ƙasa a ɗaga kai ya wadatar. Mata da yawa na yankinmu sun karanta sunanta a littafin firamare, sun zo Katsina sau da dama asibiti ko biki, ba wanda ya taɓa tsayawa da su su gan ta. Masu ƙarin kwana ɗaya kan zarce Daura su sha ruwan rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Da jariri ƙarami ni ba na ba da shawarar haka, hanyar ta yi masa tsawo.

A irin waɗannan wurare na ga abin da ba na gani a gida. Uban ne ke riƙe da yaron a kafaɗa, yana bubbuga bayansa ya yi gyatsa, uwar na gefe hannu sake tana karanta rubutun jikin bango. Wannan mutumin a ƙofar gidansu ba zai iya ba, abokai za su yi dariya, mahaifinsa na iya fitowa. A inda ba a san shi ba kunyar ta sauka, ya gano cewa ya iya rarrashi, ita kuma ta ga ya iya. Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza in matansu sun haihu, tun 2021, amma a wurinmu kwanakin nan kan faɗa daidai lokacin da matar ke gidan iyayenta, sai hutun ya ƙare a hidimar ragon suna. Yinin Asabar ɗaya a birni kan koya wa uba abin da waɗancan kwanaki ba su koya masa ba.

Da dare kuma, bayan an sayo balangu ko tsire da fura an ci a faranti ɗaya, wanda shi ma a gidan gandu ba kasafai ake yi ba, yaro ya yi barci, sai zance ya fito. Waɗanda suka yi tafiyar kusan abu ɗaya suke faɗa mini. Maganar da ta daɗe a ciki ce ke fitowa: zafin naƙudar da bai taɓa jin labarinta ba, abin da wata dangin miji ta faɗa ranar suna ya tsaya mata a rai, bashin da ya ci don hidimar bai gaya mata ba, karatun da take son komawa in an yaye. A gida bango na da kunne, ga ƙannen miji na shiga da fita. Wasu har kuka suke yi. Sau da yawa yaron kan farka a tsakiyar zancen, a dakata a ba shi nono, a ci gaba.

Akwai abubuwa biyu da ba zan ɓoye ba. Na farko tsaro. Tun kafin sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020 mutanen yammacin jihar suke cikin bala'in 'yan bindigar dajin Rugu, kuma a 'yan shekarun nan abin ya matso har ƙauyukan Matazu, Musawa da gefen Kankiya da Kusada. Madatsar ruwan Zobe ta Dutsin-ma da ta Jibiya wuraren shan iska ne masu kyau, amma yau ba zan ce wa mai iyali ya kai jariri can ba sai ya tambayi mutanen wurin a ranar. A tsaya kan babban titi, a fita da rana a isa da rana, magariba ta same ku a ɗaki. Na biyu kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma manomin da ke lissafin buhun gero ya kai shi damina ba zai biya ɗakin otal ba. Shi ma dai yana da nasa rabon. In zai kai ta yawon arba'in Ingawa ko Rimaye, maimakon ya sauke ta a ƙofar gida ya juya, ya jira ta, su biyo ta kasuwa tare a dawowa, ya saya mata abin da ta nuna da hannunta, su zauna gindin bishiya su sha fura kafin su shiga gari. Mai mata biyu kuma ya san hukuncinsa: ya yi ƙuri'a ko ya sa wa kowacce ranarta a fili tun kafin a fita, in ba haka ba ya sayo wa gidansa fitinar da ta fi hutun tsada.

Ranar Lahadi a taso da wuri, domin kasuwar Charanchi na ci, titi kan cushe da manyan motocin shanu tun kafin azahar. A tsaya a yi wa Inna tsaraba, goro da sabulu da ɗan kilishi, kada a shiga gida hannu rabbana. Ba tsarabar za ta fara dubawa ba. Za ta kwance yaron daga baya ta ɗora a cinya, ta taɓa maɗiga, ta saurari ƙirji, ta leƙa hanci. In ta same shi garau, tafiya ta gaba ba sai an nemo gwaggo mai ciwon ƙafa ba. In kuwa ya dawo da mura, za a yi ta maganar har yaye, kuma matar ce za ta sha ta, ba mijin ba. Saboda haka hular sanyin nan da gidan sauron aikin maigida ne ya tabbatar sun shiga jaka tun daren Alhamis.